DARASIN WATA: Abin da Manomi Zai Gani a Bakin Teku a Ikko

Kowace shekara, da an gama kaka, manyan motoci sukan tashi daga Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗanja da Ƙafur su nufi Ikko. Suna ɗauke da masara, waken suya, tumatir da dabbobi. Tafiya ce ta fiye da kilomita 800. Yawancin masu rakiyar kaya, da zarar sun sauke a kasuwar Mile 12 ko a Agege, sai su juyo gida. Wani ya je Ikko sau goma amma bai taɓa ganin teku ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Manomin da ya ware yini ɗaya ya zagaya bakin ruwa zai gane inda amfanin gonarsa yake zuwa, da kuma dalilin da ya sa ake karɓar wani kaya a ƙi wani.

Yadda garin yake

Ikko tana bakin Tekun Atlantika. Wani sashe na garin yana kan tudu, wani kuma tsibirai ne. Tsakaninsu akwai wani babban tafki wanda yake haɗe da teku. Gadoji uku ne suka haɗa tudu da tsibirin Ikko: gadar Carter, gadar Eko, da gada ta uku wadda aka buɗe a 1990, mai tsawon kilomita 11.8. Wanda ya hau wannan gada ta uku zai hangi unguwar Makoko, inda masunta suka kafa gidajensu a kan ruwa, kwalekwale ne abin hawansu.

Tashar jiragen ruwa

Babban abin kallo shi ne tashar jiragen ruwa ta Apapa. A da manyan jirage ba sa iya shigowa, domin yashi ya tare bakin mashigar. Sai su tsaya can cikin teku, a riƙa kwaso kaya da ƙananan jirage. Da aka gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar, aka kuma yashe ta, sai manyan jirage suka fara shigowa a 1914. An fara gina matsayar jirage ta Apapa a 1921. A 1977 aka ƙara tashar Tin Can, a 2023 kuma aka buɗe ta Lekki mai zurfin mita 16.5.

Wannan tasha tana da tsohuwar dangantaka da ƙasar Funtuwa. Hanyar jirgin ƙasa daga Ikko ta isa Kano a 1912. Daga baya aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Audugar da kakanni suka noma, kamfanin BCGA ya gurje ta a Funtuwa da Malumfashi, ta wannan hanya take bi zuwa Apapa. Daga nan jirgin ruwa ya kai ta masaƙun Ingila.

Ba a shiga cikin tashar sai da takardar izni daga Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa. Amma ba sai an shiga ba ake gani. Wanda ya tsaya a bakin Marina, ko ya hau jirgin fito daga CMS zuwa Apapa, zai ga jirage waɗanda tsawon ɗaya ya fi filin ƙwallo biyu. Zai ga injunan ɗaga kaya suna jera kwantena kamar ana jera tubali. Kwantena akwati ne na ƙarfe, mai ƙafa 20 ko ƙafa 40. Zai kuma hangi manyan rumbunan alkama na kamfanin fulawa. Mafi yawan alkamar da ake burodi da taliya da ita a Nijeriya ta ruwa take shigowa.

Abin da ya shafi manomi

Ta bakin teku ake shigo da wasu sinadaran haɗa takin zamani na NPK, kamar wanda ake sayowa daga Maroko. Saboda haka idan kuɗin waje ya tashi, ko jirgi ya yi jinkiri, manomin Ƙafur zai ji a jikinsa ranar sayen taki. Yuriya kuwa a gida ake yin ta. Masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Lekki a 2022 an gina ta ne don ta yi tan miliyan 3 a shekara, har ana sayar wa ƙasashe irin su Burazil.

Ta nan kuma riɗi, citta, zoɓo da waken suya suke fita. Kafin kaya ya hau jirgi sai ma'aikatan kwastan da na duba lafiyar amfanin gona sun bincika shi. In ya isa can ma sai an sake gwada shi. Ana duba danshi, tsakuwa, funfuna da ragowar maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an sami maganin ƙwari a cikinsa fiye da ƙima. Maganin irin wanda wasu ke zubawa cikin buhun wake ne don gudun ƙwari. Kuskuren da aka yi a rumbun ƙauye shi ya rufe kasuwa a ƙetaren teku. Wannan maganin kuma yana cutar da iyalin da suka ci waken a gida. Hanyar tsira ita ce a shanya amfani ya bushe sarai a kan tamfol, a sheƙe shi, a zuba cikin buhu mai rufi uku wanda iska ba ta shiga, ba tare da an sa magani ba.

A watan Mayu na 2024 aka buɗe tashar tsandauri a Funtuwa. Manufarta ita ce a riƙa duba kaya, a cika takardun kwastan, a rufe kwantena tun daga gida, sannan a wuce da shi bakin ruwa. Ƙungiyoyin manoma su ne suka fi dacewa su nemi bayani a can, domin manomi ɗaya ba ya cika kwantena.

Wuraren tarihi

A tsibirin Ikko akwai wurare huɗu da ƙafa ma za ta iya kai mutum. Na farko Babban Masallacin Ikko mai hasumiya huɗu, wanda aka buɗe a 1988. Na biyu masallacin Shitta-Bey, wanda wani attajiri Muhammadu Shitta ya gina, aka buɗe shi a 1894. Na uku Dandalin Tafawa Ɓalewa. A da filin sukuwa ne, kuma a nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. Na huɗu gidan kayan tarihi na Onikan, wanda aka kafa a 1957. A ciki akwai motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da alamun harsashi a jikinta.

Baƙo daga Arewa ba zai rasa masauki ba. Hausawa sun daɗe a Agege, Idi-Araba da Obalende, kuma suna da sarakunansu. Ya kamata baƙo ya gabatar da kansa ga shugabannin unguwa ko na kasuwa kafin ya shiga yawo.

Teku ba kogi ba ne

Ruwan teku ba ya shawuwa. Cikin kowace lita akwai gishiri kimanin giram 35, shan sa ƙishirwa yake ƙarawa. Teku yakan cika ya kuma janye sau biyu a rana, saboda jan da wata yake yi masa. Inda mutum ya ajiye takalminsa a busasshen yashi, bayan 'yan sa'o'i ruwa na iya rufe wurin.

Tsohon bakin ruwan nan na Bar Beach babu shi yanzu, an cike shi da yashi ana gina sabuwar unguwa. Masu son ganin teku sukan je Lekki, ko su shiga jirgin fito zuwa Tarkwa Bay, inda akwai tsohuwar hasumiyar fitila mai nuna wa jirage hanya. A can za a ga itatuwan kwakwa, ƙaguwa tana gudu a kan yashi, da masunta suna jan koma.

Saurayin da ya iya iyo a dam ɗin Mairuwa kada ya ɗauka ya iya teku. Akwai wata igiyar ruwa mai komawa ciki da ƙarfi, tana jan mutum ko da ruwa iya ƙugu yake. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita. Ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta, ya ɗaga hannu a gan shi. Abin da ya fi shi ne baƙo ya tsaya a gaɓa ya yi kallo. Rigakafi ya fi magani.

Ga wasu ƙa'idoji:
1. Kada a hau jirgin fito sai an sa rigar kariya.
2. Kada a hau jirgin da ya yi lodi fiye da ƙima, ko a yi tafiyar ruwa da dare.
3. Kada a ɗauki hoto kusa da barikin sojan ruwa ko ƙofar tasha.
4. A riƙe katin shaida a jiki. A sani kuma tun 2022 an hana acaɓa a Apapa da tsibirin Ikko.

Sababbin kalmomi

Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye.
Kwantena: akwatin ƙarfe na ɗaukar kaya a jirgi.
Tashar tsandauri: tashar kayan jirgin ruwa da aka kafa nesa da teku.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya audugar Funtuwa take isa Apapa a da?
2. Me ya sa aka hana waken Nijeriya shiga Turai a 2015?
3. Me mutum zai yi idan igiyar ruwa ta ja shi?
4. Idan lita ɗaya tana da gishiri giram 35, giram nawa ne cikin jarka mai lita 20?

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya rubuta jimla biyar a kan yadda ake adana wake a gidansu. Malami ya karanta su a aji, a tattauna wace hanya ce ba ta bukatar magani.