DARASI: LAIMA A GONAR DA AKA TAƁA HAƘA

Karatu: Markus 4:5-6

'Yan'uwa manoma, a misalin mai shuka Ubangiji Yesu ya yi maganar irin da ya faɗa inda ƙasa ba zurfi. Ya tsiro da wuri, rana ta yi zafi, ya bushe. Haka yake faruwa a filin da aka haƙa aka cike.

A ƙasar Jos, kamfanonin Turawa sun soma haƙar kuza tun farkon shekarun 1900. Sun bar ramuka da tarin ƙasa a Bukuru da Barikin Ladi. Daga baya hukuma ta baje waɗansu, ta dasa itatuwan turare. Mu a Rigachikun ba mu da kuza, amma muna da ramukan da aka ɗebi marmara da yashi. Ciwon iri ɗaya ne: baƙar ƙasar sama ta tafi, abin da ya rage kuwa manyan motoci sun danne shi.

Da farkon damina, ruwa mai ƙarfi yakan daki ƙasar, fuskarta ta toshe. Ruwan ya gudu, bai shiga ba. Sama ta jiƙe, ciki a bushe. Wanda ya yi shuka a kan wannan, kwana kaɗan na fari sai ya yi asarar iri.

A Yuli da Agusta, ruwa yakan kwanta, gama ba hanyar nutsewa. Saiwar masara ta rasa iska, ganye ya yi rawaya.

Da kaka da hunturu, busasshiyar iska takan kwashe laima. Gonar da ba ruɓaɓɓen ganye a cikinta ita ce ke fara bushewa, dawa ba ta gama cika ido ba.

Ga abin yi:

1. Kafin shuka, haƙa rami ƙafa guda. Dunƙula ƙasar ƙasan ramin. In ta wargaje, a jira wani ruwan.
2. A fasa ƙasa da zurfi, a zuba takin shanu da na juji. Manoman Jos sun daɗe suna gyara irin wannan fili da tokar juji.
3. A ja kunya a gicciye da gangare, a bar mafitar ruwa domin Agusta.
4. Kada a ƙone kara da ciyawa. A shimfiɗa su a rufe ƙasa.
5. A fara da wake ko gyaɗa. Masara ta biyo baya.

Gyaran nan aikin shekaru ne, ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A kira gayya.

Tambayoyi domin taron ƙungiya: Wace gona ce ke fara bushewa a cikin namu? Wa zai ba da taki, wa zai ba da amalanke?

Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.