Koyar da Kimiyya Inda Babu Ɗakin Gwaji

Sau da yawa mukan ji malamai suna cewa, "Da muna da ɗakin gwaji, da mun koyar da kimiyya sosai." Gaskiya ne, makarantunmu da yawa ba su da kayan gwaji. Amma mu dubi abin da yakan biyo baya. Malam ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace. Yaro ya gama makaranta bai taɓa gwada kome da hannunsa ba. Irin wannan yaro, duk abin da aka gaya masa sai ya yarda, gama ba a koya masa yadda zai bincika da kansa ba. Gani ya kori ji.

Wannan rashi ba a kanmu ya fara ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya rushe makarantu masu yawa. A 1948 hukumar UNESCO ta buga wani ƙaramin littafi domin malaman waɗannan ƙasashe, tana nuna musu yadda za su yi kayan gwaji da gwangwani da kwalabe da waya. A 1956 aka faɗaɗa shi, aka juya shi cikin harsuna da dama. Mu ma muna da abin da za mu fara da shi a gidajenmu. Ga darussa uku.

1. Zoɓo da kanwa

A jiƙa zoɓo a ruwan zafi, a tace, a raba shi cikin kwalabe uku masu haske. A matsa lemun tsami a ta fari. A bar ta biyu yadda take. A zuba ruwan kanwa a ta uku. Ta fari za ta ƙara ja, ta ukun kuwa za ta juya ta yi duhu, ta koma wajen kore. Sa'an nan a riƙa ɗiga lemun tsami cikin ta ukun. Za ta yi kumfa, jan kuma ya soma dawowa.

Masana suna kiran abu mai tsami irin na lemu asid. Kanwa da ruwan toka suna kashe asid, launin zoɓo kuwa yana nuna wanda ya fi ƙarfi a cikin kwalbar. Saboda haka ne uwayenmu suke jefa kanwa a miyar yakuwa don tsamin ya mutu. A Ingila, a 1664, wani masani mai suna Robat Boyil ya rubuta irin wannan gwaji, shi da ruwan furanni ya yi. Yara su kawo tsamiya da ruwan sabulu da ruwan gishiri, su gwada kowanne.

2. Sanyin randa

Mu tambayi yara, don me ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Kada mu ba su amsa. A cika kwalabe biyu masu girma ɗaya da ruwa ɗaya. A naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ɗayar da busasshe. A ajiye su tare a inuwa inda iska take kaɗawa. Bayan awa ɗaya a zuba ruwan a hannun yara.

Ruwan da yake bushewa daga tsumma yana tafiya da zafin kwalbar. Haka jikin randa yake tsatsafo da ruwa, iska tana shanye shi. Haka kuma zufa take sanyaya jikinmu. A sake gwajin da damina, za a ga bambancin ya ragu, domin iskar ta riga ta ƙoshi da laima.

Kada mu raina wannan ilimi. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yalo da tumatir da sukan lalace cikin 'yan kwanaki sai suka riƙa daɗewa. A shekara ta 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki.

3. Sanda da inuwa

A kafa miƙaƙƙiyar sanda a fili mai lebur. A rataya dutse da zare kusa da ita don a tabbata ba ta karkace ba. Kowace awa yaro ɗaya ya sa tsakuwa a ƙarshen inuwar, ya auna tsawonta. Inuwa mafi gajarta ita ce ta tsakar rana, tana kuma kwance tsakanin kudu da arewa. In an ci gaba wata da watanni, yaran Kano za su ga inuwar tsakar rana tana nuna arewa a Disamba, tana nuna kudu a Yuni, ta kusa ɓacewa sarai wajen 21 ga Afrilu.

Wajen shekara 240 kafin haihuwar Almasihu, wani Baheleni mai suna Eratostenis yana zaune a Iskandariya ta Masar. Ya ji cewa akwai ranar da sanda ba ta yin inuwa da tsakar rana a garin da yanzu ake kira Aswan. A wannan rana inuwar Iskandariya ta nuna karkata ta kashi 1 cikin 50 na da'ira. Sai ya riɓanya nisan garuruwan biyu sau 50, ya sami kewayen duniya. Yau mun sani kewayen wajen kilomita 40,000 ne, lissafinsa kuwa bai yi nisa da haka ba.

Abin da za mu kiyaye

Na fari, tambaya ta riga amsa. Kowane yaro ya faɗi abin da yake tsammani zai faru kafin a taɓa kome.

Na biyu, abu ɗaya kaɗai za a sāke. In an sa kwalba ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, ba za mu san ko tsumma ne ya kawo sanyin ba.

Na uku, yaro ya rubuta abin da idonsa ya gani, ko da ya saɓa da na littafi. In ya saɓa, a sake gwadawa, a nemi dalili. Kada a tsauta masa, gama nan ne yake koyon faɗin gaskiya.

Na huɗu, malam ya gwada a gida tukuna. Shi ne zai riƙe ruwan zafi, kada kuma yara su ɗanɗana abin gwaji.

Mu iyaye ma muna da namu aiki. Kada mu hana yaro ɗan zoɓo ko tsohuwar kwalba in malam ya aiko. In ya dawo, mu ce ya nuna mana. Ba mu ce a daina neman ɗakin gwaji ba, lalle manyan azuzuwa suna bukatarsa. Amma yaron da yake aji yau ba zai jira sai an gina ba.

Tambayoyi

1. Don me ake sa kanwa a miyar yakuwa?
2. Yaushe randa ta fi sanyi, da rani ko da damina? Don me?
3. Wane abu ne a gidanku da malam zai iya koyarwa da shi a makon nan?