Yadda Ake Gwada Ko Kunnenka Na Iya Bambance DAC Biyu

Duk waƙa ko karatun da ke cikin waya da kwamfuta lambobi ne zalla. Kafin su kai kunne, sai an juya su zuwa wutar lantarki mai hawa da sauka, wadda za ta kaɗa lasifika. Na'urar da ke wannan aiki ita ake kira DAC. Tana cikin waya da talabijin, har da ɗan guntun wayar nan da masu iPhone ke jona iyafis da shi tun da Apple ya cire ramin a 2016. Masu sha'awar kayan sauti kuwa sukan sayi tasu daban, daga ta dala goma zuwa ta dubban daloli, kuma musu ba ya ƙarewa a tsakaninsu: wannan ya rantse mai tsadar ta fi fitar da murya tangaran, wancan ya ce kuɗinsa ne ke yi masa kiɗa.

Ana iya raba wannan gardama a falo, da dabarar da ake kira ABX, wadda injiniya David Clark ya yaɗa tsakanin masu harkar sauti a 1982. Za ka saurari na'ura ta farko, wato A, sannan ta biyu, wato B, sannan wata da aka ɓoye maka, wato X, ka faɗi ko A ce ko B. An ce gani ya kori ji, to a nan gani ne ke ɓata ji: da zarar ido ya ga akwati mai ƙyalli, ko ka tuna abin da ka biya, kunne ya riga ya yanke hukunci.

Abin da za ka tanada

DAC biyu da kake son gwadawa, amfilifaya ɗaya da lasifika ko hedifon ɗin da ka saba da su, ɗan akwatin sauya layi mai mashiga biyu da mafita ɗaya, mitar auna wuta irin ta masu gyaran rediyo, ƙwayar ludo, takarda biyu da biro, da mataimaki mai haƙuri.

Mataki na 1: Ba su abu ɗaya a lokaci ɗaya

Dole na'urorin biyu su karɓi lambobi iri ɗaya daga tushe ɗaya. Idan na'urar faifanka tana da mafitar haske da ta waya, ba kowace DAC ɗaya. In babu, nemi marabin wayar haske ta Toslink, mai raba layi ɗaya gida biyu. Daga nan kowace ta shiga akwatin sauya layi, akwatin ya shiga amfilifaya. A kashe duk wani ƙarin bas ko gyaran sauti da ke cikin kwamfuta. Kada a yi gwajin ta Bluetooth, domin a can DAC ɗin da ke cikin hedifon ko lasifikar ce ke aiki, ba taka ba.

Mataki na 2: Daidaita ƙarfin sauti da mita

Nan ne yawancin gwaje-gwajen gida ke lalacewa. Idan ɗaya ta ɗara ɗayar ƙarfi kaɗan, kunne ba zai ce ta fi ƙara ba. Cewa zai yi ta fi cika, ta fi zaƙi. Yawancin DAC na fitar da kusan bolt 2, amma wata 2.0 ce, wata 2.2, kuma wannan ratar ta kai desibel 0.8, wadda ta isa ta ruɗe ka.

Rage amfilifaya gaba ɗaya. Da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ƙirƙiri sauti ɗaya tsayayye na 400 Hz, ka kunna shi ta na'urorin biyu. Ƙananan mitoci sun fi karanta irin wannan daidai. Sa mitar a ma'aunin wutar AC, ka auna mafitar akwatin yana kan A, sannan yana kan B. Rage wadda ta fi ƙarfi har ratar ta koma ƙasa da kashi 1 cikin 100, wato kusan desibel 0.1. Idan A ta nuna 2.00, B ta tsaya tsakanin 1.98 da 2.02. In babu wadda ke da maɓallin ragewa, mai gyaran rediyo zai iya sa maka ɗan marage a layin mai ƙarfin. Auna gefen hagu da na dama duka.

Mataki na 3: Zaɓi abin sauraro, ka fara da ido buɗe

Ɗauki waƙoƙi uku ko huɗu da ka haddace, waɗanda ba a matse su ba, kamar faifan CD ko fayil ɗin FLAC. Daga kowace ware daƙiƙa 10 zuwa 15 inda kake jin bambancin ya fi fitowa: kaifin kuge, jan numfashin mawaƙi, ko yadda amon ganga ke mutuwa. Gajere ya fi, domin ƙwaƙwalwa na riƙe ainihin amon sauti na 'yan daƙiƙu ne kawai.

Yanzu saurara kana ganin komai, ka rubuta abin da ka ji dalla-dalla. Wannan rubutun shi ne da'awar da za a gwada. Yi aikin lokacin da unguwa ta yi shiru, a kashe fanka, kuma ba lokacin da janareta ke ruri ba.

Mataki na 4: A ɓoye X yadda ya kamata

Ka fita daga ɗakin. Mataimaki ya jefa ƙwayar ludo sau 16: in 1, 2 ko 3 ta fito ya rubuta A, in 4, 5 ko 6 ya rubuta B. Wannan jerin shi ne X na kowane zagaye. Kada ya gyara jerin ko da A ta fito sau biyar a jere. A rufe na'urorin da zane don kada fitilunsu su tona asiri, shi kuma ya zauna bayanka ko bayan labule, bakinsa alaikum.

Wannan ba tsanani ba ne. A Jamus an yi wani doki, Hans, da aka ɗauka ya iya lissafi, har Oskar Pfungst ya nuna a 1907 cewa motsin jikin mai tambaya yake karantawa, alhali mai tambayar bai san yana motsin ba. Mutum ma ya iya wannan. Haka kuma kowace juyawa ta zama iri ɗaya: mataimaki ya kashe sauti na daƙiƙa ɗaya, ya taɓa maɓallin ko da ba zai sauya ba. Dalili shi ne wata DAC na ɗan jinkiri fiye da wata, kuma ƙarar maɓalli ma alama ce.

Mataki na 5: Yi zagaye 16

A kowane zagaye kira A, B ko X yadda ka ga dama, sau nawa kake so. In ka gamsu, rubuta amsarka a taka takardar, ka ce a wuce. Kada a gaya maka ko ka ci sai an gama. Huta bayan kowane zagaye huɗu, don kunne na gajiya. Adadin da aka yanke tun farko shi za a cika. Ba a tsayawa don ana ci, ba a kuma zubar da zagayen da bai yi daɗi ba.

Mataki na 6: Karanta sakamako

Mai canki-canka zai ci wajen 8 cikin 16. Cin 9, 10 ko 11 bai fita daga sa'a ba. Cin 12 kuwa, damar samunsa da sa'a ba ta kai 4 cikin 100 ba, 13 kuma kusan 1 cikin 100 ce. In ka kai 12, sake auna wutar, ka maimaita wata rana. In abin ya tabbata, kana jin bambanci na gaske.

In ba ka kai ba, kana da abokan tafiya. A 2007 Brad Meyer da David Moran na ƙungiyar masu sauti ta Boston sun ratsa kiɗa mai babban inganci ta cikin na'urar da ke mayar da shi matakin CD, wato bit 16 da awo 44,100 a daƙiƙa. Cikin gwaji 554 masu sauraro sun ci 276 kacal. Sai dai a 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary ta Landan ya haɗa gwaje-gwaje da dama a kan sauti mai babban inganci, ya ga akwai ɗan bambanci da ake iya ji, musamman ga waɗanda aka horar. Saboda haka faɗuwarka hukunci ce a kan kunnenka da kayanka da ɗakinka kawai, kuma ai su za ka ci gaba da sauraro da su.

Inda bambancin yake fitowa da gaske

A DAC ta zamani mai lafiya, hayaniya da gurɓata kan kasance desibel 100 ko fiye ƙasa da kiɗan, yayin da lasifika kan gurɓata bas da kashi 1 cikin 100, wato desibel 40 kawai. Shi ya sa in an ji bambanci, yawanci yana da sanadi da za a iya nunawa: shuuu a iyafis mai saurin ɗaukar sauti, gurnanin 50 Hz da ke biyo wutar gida ta wayar USB, mafitar da ba ta da ƙarfin tura babban hedifon, ko na'urar da aka ƙera da gangan don ta canza sauti. Irin waɗanda ba sa ninka awo, alal misali, suna rage kusan desibel 3 a 20,000 Hz.

In ka ci gwajin, nemo wanne ne daga cikin waɗannan, don wani lokaci canjin waya ko soket ya wadatar. In ba ka ci ba, riƙe mai arahar. Kuɗin da ya rage ka sa a lasifika mai kyau, ka janye ta daga jikin bango, ka shimfiɗa darduma tsakaninka da ita. Wannan canjin ba sai an kira mataimaki da ƙwayar ludo ba kafin ka ji shi.