Darasi: Mota Ta Ƙi Tashi? Fara Duba Batir da Wayoyinsa

Kaka ta yi. Daga Funtua zuwa Malumfashi ana ta lodin masara da auduga, ga tumatirin Danja yana tafe. Idan a-kori-kura ta ƙi tashi da asuba, kasuwa ta wuce ka, tumatir kuwa ba ya jira. Sau da yawa direba kan sayi sabon batir, alhali laifin na waya ne. Ga yadda za ka gane.

1. Kunna fitilun gaba, sannan ka murɗa makulli. Idan injin ya juya da ƙarfi amma bai kama ba, batir lafiya lau yake. Duba mai.

2. Idan fitilu suka tsaya da haskensu, injin kuma bai motsa ba, a binciki kik da wayar da ta je gare shi.

3. Idan fitilu suka dushe, ka ji "ƙas-ƙas", to ko batir ya yi sanyi, ko wuta ba ta wucewa sosai.

4. Buɗe bonet ka dubi kawunan batir biyu, mai alamar + da mai alamar −. Girgiza wayoyin. Wadda ta motsa, ɗaure ta da sifana. Bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota, don tsatsa a nan ma tana hana wuta.

5. Idan ka ga farin gari a kawunan, fara kwance wayar −, sannan ta +. Wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, kada ya shiga cikin batir. Goge ya bushe, ka fara mayar da +, sannan −. Shafa giris.

6. In har yanzu shiru, kai wa mai cajin batir ya auna. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6. Idan injin yana aiki ya kamata ya kai wajen 14, in bai kai ba, mota ba ta caji.

Gargaɗi: kada ka sha taba ko ka ƙyasta ashana kusa da batir, iskarsa tana kamawa da wuta. Ruwansa kuma yana ƙona fata da ido. Sanyin hunturu yana rage ƙarfin tsohon batir, saboda haka a duba shi tun yanzu.

Tambayoyi
1. Wace waya ake fara kwancewa?
2. Bolt nawa cikakken batir yake nunawa?