Yadda Ake Auna Masu Aiki Maras Takarda Cikin Ƙasa

Kowa ya shiga kasuwar Kurmi da hantsi, ko ya tsaya bakin tashar mota, ya san mutanen ƙasar nan ba zaune suke ba. Ga ɗan dako, ga mai shayi, ga baduku, ga ɗan garuwa, ga yaron mota yana kiran fasinja. Amma da za a tafi ofis a buɗe littattafan albashi, ba za a iske sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Irin wannan aiki shi muke kira aiki maras takarda cikin wannan darasi, watau aikin da ake cin abinci da shi, amma ba rajista, ba takardar ɗauka, ba fansho, ba hutu da albashi. Nufinmu mu bayyana yadda hukuma take gane yawan masu yinsa, domin in ma'aikatan ƙididdiga sun yi sallama ƙofar gidanku ku san abin da suke biɗa.

Asalin Maganar

Wani Bature ɗan Ingila, Keith Hart, shi ya fara raɗa wa abin suna. Ya zauna a Nima, unguwar baƙi cikin Ankara, babban birnin Gana, inda Hausawa suke da yawa, yana duban yadda mutanen da suka gangaro daga arewacin ƙasar suke samun abin kai wa baka. A littafin hukuma yawancinsu marasa aiki ne, shi kuwa ya tarar ba mai wuni hannu rabbana. Ya gabatar da bayaninsa cikin 1971, aka buga cikin 1973. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ɗauki maganar cikin rahotonta na ƙasar Kenya a 1972.

Raɗa suna abu ne mai sauƙi, awo shi ne wuya. Sai cikin 1993 taron masana ƙididdigar aiki na duniya ya yanke mudu na farko, wanda ke duban sana'ar kanta: tana da rajista? Ana rubuta shiga da fitar kuɗinta? Daga baya aka ga mudun ya gaza, gama akwai lebura mai aikin yini a babban kamfani mai rajista, akwai kuma 'yar aikin gida, dukansu ba su da takarda, amma mudun bai kama su ba. Saboda haka cikin 2003 aka ƙara na biyu, mai duban halin ma'aikacin kansa. An sāke gyara ƙa'idodin cikin 2023.

Tambayoyin Da Ake Yi

Ba gida gida ake bi duk ƙasa ba. Akan zaɓi waɗansu dubban gidaje ta hanyar ƙuri'a, birni da ƙauye, kamar yadda mai sayen gero yakan tsoma hannu cikin buhu ya ɗebo kaɗan ya san sauran. A kowane gida ana tambaya game da duk wanda ya kai shekara 15.

Tambaya ta fari ita ce: cikin kwana bakwai da suka wuce, ka yi wani aiki, ko da na awa ɗaya, domin lada ko riba? In ka ce i, ka shiga lissafin masu aiki. Sa'an nan a bincika irin aikin. In mai zaman kanka ne, a tambaye ka rajista da littafin ciniki. In wani ne ya ɗauke ka, a tambaye ka ko yana zuba maka kuɗin fansho, ko yana biyanka ran da ciwo ya kwantar da kai, ko kana da hutun shekara. Yaron da ke taya ubansa tsaron shago ba lada, shi ma cikin marasa takarda yake. Manomin da yawancin abin da ya noma na cin gida ne, tun 2013 ƙa'idar duniya ta ware shi rukuni dabam. Ba a ce ba ya aiki ba, kowa ya riƙe fartanya ya san ƙarya ne, sai dai ba domin kasuwa yake yi ba.

Lissafin

Bari mu yi misali. A ce wani gari yana da mutum 1,000 da suka kai shekara 15. Cikinsu 700 sun yi aikin lada ko riba a makon, 30 suna nema ba su samu ba, sauran 270 kuwa 'yan makaranta ne, da tsofaffi, da masu noman cin gida. Cikin 700 ɗin nan, 70 ke da takarda: malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan sanda, da 'yan kasuwa masu rajista. Ragowar 630 ba su da ita. Sai a raba 630 da 700, a sami kashi 90 cikin ɗari. A lura, da masu aiki ake rabawa. Wanda ya raba da mutanen garin duka zai sami kashi 63, ya kuwa yi kure.

Yanzu a dubi marasa aiki na garin nan: 30 cikin 730, watau wajen kashi 4. Mai karatu da gaggawa sai ya ce garin ya ji daɗi. Abin da ya faru a Nijeriya ke nan. A ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce marasa aiki kashi 33.3 ne, domin a lokacin wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana sa shi cikinsu. Da ta koma kan mudun awa ɗaya, sai ta ce kashi 4.1 ne a farkon 2023. Mutane da yawa suka yi tsaki, suka ce ina aikin yake? Tsakin nasu yana da dalili, amma amsar tana cikin rahoton nan: fiye da kashi 92 na masu aikin ba su da takarda. Talaka ba shi da halin zama ya jira aikin ofis, tilas ya fita ya yi ko da turin baro. Don haka a ganinmu wanda ya faɗi adadi na fari bai haɗa da na biyu ba, rabin magana ya yi. Ba mu kaɗai ba ne kuwa: Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2018 cewa mutum biliyan 2, kashi 61 na masu aiki a duniya, haka suke, a Afirka kuwa kusan kashi 86.

Inda Awon Yakan Karkace

A ƙasar Hausa babban wurin zubewa shi ne zaure. Ma'aikaci ya tambayi maigida, "Uwargida tana aiki?" Ya ce, "A'a, tana cikin gida." A zatonsa gaskiya ya faɗa, don shi aiki a wurinsa na albashi ne. Alhali tun asuba ta soya ƙosai, ta dama fura, tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuli-ƙuli, da yamma ta yi kitso ko ɗinkin hula, yara na kai mata talla, da ribar take zubin adashi. Wata Baturiya, Polly Hill, wadda ta zauna Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu kan wannan ciniki na cikin gida tun 1969, ta nuna ba ƙaramin abu ba ne.

In muka koma garin misalinmu muka ɓoye mata 150, masu aiki sun zama 550, marasa takarda 480, watau kashi 87. Bambancin kashi uku ne kawai, amma mutum 150 sun ɓace daga idon hukuma. Ran da za a tsara rance, ko koyar da sana'a, ko ƙaramin fansho irin wanda aka buɗe wa masu zaman kansu cikin 2019, da lissafin da babu su za a tsara.

Lokaci ma yakan karkatar da awo. Mutumin da ke gona da damina, shi ne ɗan cin rani mai yankan farce a birni bayan kaka. Shi ya sa ya kamata a yi zagayen rani da damina duka, kada a dogara ga wata ɗaya.

Saura tsoron haraji, wanda ya daɗe cikin zukatan mutane tun zamanin ƙidayar kawuna da jangali. Dokar ƙididdiga ta 2007 ta sa abin da mutum ya faɗa wa ma'aikacin ƙididdiga ya zama asiri, ana haɗa shi da na sauran jama'a ne a fitar da jimla, ba suna. In ma'aikaci ya zo, a nemi ya nuna shaidar aikinsa tukuna. In ya nuna, a ba shi wurin zama, a faɗa masa kowace sana'a da ake yi cikin gidan, babba da ƙarama. Inda al'adar gida ba ta bar namiji ya shiga ba, a nemi mace daga cikin ma'aikatan ta shiga, ko kuwa uwargida ta ba da amsarta da bakinta daga soro.