Katantanwa: Gidan da Ake Ginawa Daga Baki

Idan damina ta kankama a Suleja, yara sukan tsinto katantanwa a gindin ayaba ko a bakin rafin Iku, su murza ta a ƙasa tana juyi. Abin wasa ne a wurinsu, amma gida ne wanda dodon koɗi ya gina da jikinsa tun yana cikin ƙwai.

Tsinin da ke can sama shi ne wurin da ya fi tsufa, gama da shi aka ƙyanƙyashe dabbar. Daga nan gidan ya yi ta naɗewa yana faɗi har ya kai ga baki, watau ƙofar da kai da ƙafa suke fitowa. Idan aka fasa katantanwa a hankali, za a ga wani ginshiƙi a tsakiya wanda dukan zagayen suka kewaye. A jikinsa ne wata tsoka take manne, da ita kuwa dabbar take janye kanta ciki idan an taɓa ta. Bangon hawa-hawa ne: fata siririya mai launi a waje, sinadarin kalsiyam mai tauri irin na alli a tsakiya, sa'an nan shafe mai santsi daga ciki domin kada ya ji wa naman ciwo.

Wanda ya taɓa ganin matan Gbagyi suna ginin tukwane zai fahimci yadda gidan yake girma. Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta wannan gari a 1954, wadda kuma hotonta yake jikin takardar naira 20, ta gwanance wajen ɗora yumɓu a bakin tukunya tana kewayawa har ginin ya tashi. Haka wata tattausar fata da ke lulluɓe da jikin dodon koɗi take zuba sabon gini a gefen baki kaɗai. Abin da aka riga aka gina ba a rushe shi. Kowane zagaye yakan fi na bayansa faɗi da gwargwado ɗaya, saboda haka gidan yana ƙaruwa amma siffarsa ba ta sākewa. Wani masanin lissafi a Ingila, Henry Moseley, ya auna wannan ya bayyana shi a 1838.

Sai dai naɗin yana da hannu. A riƙe katantanwa tsininta sama, bakinta yana duban mai riƙon. A wajen tara cikin goma na ire-irenta, bakin yana hannun dama. Haka manyan dodon koɗi na tudu da ake sayarwa a kasuwa suke. Kaɗan ne masu baki a hagu, cikinsu kuwa akwai wanda ya kamata kowane gida ya sani.

Sunansa Bulinus. Ƙarami ne, da kyar ya fi ƙwayar gyaɗa, yana zaune a kududdufi, da madatsar ruwa, da gefen rafi inda ruwa ba ya gudu. A cikin jikinsa ne tsutsar da ke kawo tsargiya, watau fitsarin jini, take hayayyafa. Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ta jikin dodon koɗi take bi. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe su shiga dabbar, bayan 'yan makonni ƙananan tsutsotsi su fito su huda fatar mai wanka ko mai wanki. Akwai kuma Biomphalaria, wanda naɗinsa kwance yake kamar faifai ba tsini, shi ne mai ɗauke da irin da ke kama hanji da hanta. Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, abin baƙin ciki kuwa, a wasu wurare har yanzu ana ɗaukar jini a fitsarin yaro alamar balaga ce.

Ba kowace katantanwa mai baki a hagu ce mai haɗari ba. Lanistes ma haka yake, amma shi babba ne, yana da murfi mai tauri da yake rufe ƙofarsa da shi, Bulinus kuwa ba shi da murfi. Rashin ganin katantanwa a bakin ruwa kuma bai wanke ruwan ba, gama dabbar takan ɓuya ƙarƙashin ganye, da rani ma takan shige cikin laka ta jira ruwa. Yaron da ya saba iyo a irin wannan wuri, aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, sai a kai shi asibiti a gwada. Maganin, Praziquantel, ƙwaya ce da ake bayarwa bisa ga nauyin yaro ko tsawonsa, ba ya kuma hana cutar sāke kama wanda ya koma ruwan.