Yadda Ake Gane Adon Harshe: Kada "Ta" Ta Ruɗe Ka

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, a shekarata ta farko an ba mu gwaji, aka ce mu fito da mutuntarwa daga cikin wasu jimloli. Sai na ja layi a ƙarƙashin "Rana ta fito". Malam ya soke, na rasa maki 5. Wannan kuskure ne ya sa na ga ya dace in yi mana ɗan bayani, domin na san ba ni kaɗai ba ne.

Mene ne Adon Harshe?

Adon harshe shi ne a kauce wa ma'anar kalma ta yau da kullum domin a ƙawata magana. Ga waɗanda aka fi tambaya a jarrabawa:

1. Kamantawa: a kwatanta abu biyu mabambanta da kalmomi irin su kamar, tamkar, sai ka ce. Misali: "Audu na kokawa kamar zaki." Idan aka ce "ya fi zaki", kamancen fifiko ke nan, idan aka ce "bai kai zaki ba", ya zama na kasawa.

2. Siffantawa: a cire kalmar kamance, a ce wannan shi ne wancan. Misali: "Audu zaki ne."

3. Jinsintarwa: a ɗauki halin wani jinsi a ɗora wa wani. Iri uku ce. Mutuntarwa: "Damina ta yi fushi, ta tattara kayanta ta tafi." Dabbantarwa: "Maigida ya yi mana gurnani." Abuntarwa: "Da jin yabon sai Ladi ta narke."

4. Kambamawa: a zuzuta abu fiye da kima. Misali: "Na jira ka har gemu ya tsiro mini."

Ina Aka Samu Matsala?

Matsalar daga nahawu take. Ni da Yarbanci na tashi, inda wakilin suna ɗaya ke tsayawa ga mace da namiji da abu. A makaranta kuma aka koya mana cewa a Ingilishi "he" da "she" na mutane ne, "it" kuwa na abubuwa. Saboda haka idan Bature ya kira rana "she", ya mutuntar da ita. To Hausa ba haka take ba. Kowane suna tilo yana da jinsi, ko namiji ko mace. Yawancin masu ƙarewa da wasalin "a" mata ne, kamar rana da mota da riga, ko da yake akwai irin su ruwa da gida da ke maza. Ashe "ta" a jimlar nan dokar nahawu ce kawai. Amma da an ce "Rana ta harare mu", to an sami mutuntarwa, domin harara aikin mai ido ne.

Haka kuma, ba duk inda "kamar" ta fito ne ake da kamantawa ba. "Audu na tafiya kamar babansa" magana ce kai tsaye, tunda mutum aka kwatanta da mutum.

Kammalawa

Kafin ka ja layi, tambayi kanka: shin abin da aka faɗa zai iya faruwa a zahiri? In zai iya, wuce. In ba zai iya ba, tsaya ka duba aikatau, galibi a nan adon yake ɓuya. Allah ya ba mu sa'a, amin.